Makullin da Yaya Ta Ba da Aro

4 ga Maris

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ku lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ƙafar Malam? Inna ta ce min a waya yanzu yana kaiwa bakin ƙofa da sanda ba a riƙe shi ba, har yana faɗa da mai gashin ƙashi. Tunda ya fara faɗa, sauƙi ya samu. Ni lafiya lau, sai tsayuwar ɗakin gwajin jini da ta fara cin gwiwata, sun kuma ƙi ƙaro mana mutum.

Kar ki yi mamakin ganin takarda da ambulan. Ke kika kafa dokar cewa maganar makulli ba a rubuta ta a na'ura, ba a faɗin ta a waya.

Na nemi ƙungiyarku ta masu manhajar kyauta ta karɓe ni a matsayin cikakkiyar mai kula da ƙunshin manhaja, da makullina na sa hannu a kwamfuta, da sunana. Ban gaya miki ba, so na yi in ba ki mamaki. Sun haɗa ni da mai tantancewa, wani dattijo mai haƙuri da kowa ke kira Tsohon Direba. Ya bincika rumbun manhajar kaf, ya ce abin da ya gani da sunana gyara biyu ne ƙanana, na shekara huɗu da suka wuce. Ya tambaye ni cikin ladabi ina na shiga tun lokacin. Me zan ce masa? In ce ina nan, ni ce shekara uku nake kula da ƙunshi tara na Yayata, na ɗora su a rumbu sau arba'in da ɗaya da makullinta, ina amsa saƙonni da sunanta?

Sannan ya turo min abubuwan da ake ba sababbi su karanta. Na uku a jerin wasiƙarki ce, wadda kika rubuta a zauren tattaunawa na intanet a kan ɗan ƙungiyar nan Mai Agogo, lokacin da ya ba abokin aikinsa aron makulli aka kore shi. Ashe yanzu darasi ce. A ƙarƙashinta akwai tambaya: ko ka taɓa sa hannu da makullin wani, ko ka ba wani naka?

Kwana uku ina kallon tambayar nan. Ba zan yi musu ƙarya ba, Yaya. Na ga ya kamata ki ji daga gare ni.

Ki gaida Malam da yara.

Autarku

19 ga Maris

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Malam yana tafiya, yana faɗa, yana cin abinci da hannun dama. Yara suna makaranta. Gwiwarki kuma ki nemi takalmin kirki, na sha gaya miki. Gaisuwa ta ƙare.

A tsaye na karanta wasiƙarki, a bayan kantar laburare, wani ɗalibi yana jira in buga wa littafinsa hatimi. Sai da ya ce, "Malama, lafiya?" A kan hannun rigarsa na buga.

"Ba zan yi musu ƙarya ba." Sannu da zuwa, uwar masu gaskiya! Sau arba'in da ɗaya kina buga kalmar sirrina da yatsunki gaskiyar tana barci, yau da kike son sunanki ya hau allo ta farka tana miƙa.

Bari in tuna miki, tunda mantuwa ta kama ki da ƙuruciya. Shekara goma sha huɗu nake aikin nan, ba wanda ya sa ni. Mutane suna rubuta manhaja su sake ta kyauta, ni in ɗauko, in gyara, in ƙunshe ta yadda za ta zauna lafiya a kwamfutar kowa, in sa hannu da makullina in ɗora a rumbu. Sa hannun nan shi ne kaɗai abin da muke da shi. Ba mu san fuskar juna ba. Wanda ya sauke ƙunshin tsofaffin firintoci a wata makaranta da ban taɓa jin sunanta ba, ya sauke ne don makullina ya ce masa na duba. Ranar da Malam ya faɗi a banɗaki ɓarin jikinsa ya mutu, hanya biyu ce a gabana. Ko in sanar a zaure cewa ƙunshina tara sun zama marayu, kowane ɗan koyo ya zo ya ɗauka ya yi musu kaca-kaca, ko in miƙa wa wadda na koya wa aikin da hannuna. Na miƙa miki filas ɗin kwamfuta da na kwafi makullin a kai, a barandar asibiti. Ban ji kin ce a'a ba. Hannu biyu kika sa.

Kin san abin da zai biyo baya idan kika amsa tambayar nan. Za su soke makullina a gaban kowa. Za su jera wasiƙata ta Mai Agogo kusa da labarina, a yi ta dariya har shekara goma. Shafi uku na yi a kan mutumin nan. Na ce wanda ya ba da aron makulli, amanar mutum dubu ya ba da aro ba da saninsu ba. Har yau ina ganin jimlar ta yi kyau, abin haushin ke nan.

Ni na koya miki karanta saƙon kuskure daga ƙasa zuwa sama. Ni na goya ki, in ma can za a je. Ki yi haƙuri shekara ɗaya, ki tara sababbin gyare-gyare da sunanki, ki sake nema, tambayar kuma ki amsa ta yadda kowa ke amsawa. Idan kuwa sai kin taka wuyana za ki hau, to bismillah, amma kar ki ƙara rubuto min kina tambayar ƙafar Malam.

Yayarki

2 ga Afrilu

Auta,

Sallama a gare ki. Ina fata kina lafiya, ina kuma fata gidan waya sun yi halinsu sun ɓatar da wasiƙata ta sha tara ga Maris. Malam lafiya. Ya gane akwai abin da ke cina, sai bina yake da ido.

Sati biyu ina buɗe zaure kowace safiya kamar mai jiran sakamakon asibiti, ina jiran in ga sunana. Shiru. Yau da hutun rana na kasa daurewa na shiga shafin masu neman shiga ƙungiya. Ga sunanki, ga layi ɗaya a gabansa: mai nema ta janye da kanta, 6 ga Maris. Kwana biyu bayan kin rubuto min. Kwana goma sha uku kafin in zauna in zage ki.

Ashe abin da kike nufi ke nan. Ba za ki yi musu ƙarya ba, ba kuma za ki tona ni ba, sai ki bar musu wurin. Ni mai tutiyar karatu, da na karanta littattafan da sun fi ki nauyi, na kasa karanta layi ɗaya na ƙanwata. Abin da ni zan yi da ina matsayinki, shi na karanta.

Ban koma bayan kantar ba. Na shige can ƙarshen ɗaki wajen tsofaffin jaridu, inda ba mai zuwa sai gara, na zauna a kan matakalar ɗauko littafi, na buɗe tarihin ƙunshin nan tara na bi shekara ukun ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa yi ba. Ki ji wannan da kyau: ban taɓa dubawa ba. Na ce wa kaina ba ni da lokaci, alhali Malam ya fi shekara yana wanka da kansa. Tun bara ya kamata in karɓi kayana ko in sake su. Daɗi na ji. Sunana yana aiki ina kwance.

Aikin yana da kyau. Matsalar firintar nan da ke cinye rabin shafi, wadda na rufe rahotonta sau biyu na ce laifin mai firintar ne, kin gano ta. Wata ma'aikaciyar asibiti ta rubuto tana godiya, ta ce sun daina rubuta sakamako da hannu. Sunana ta kira. Wani kuma ya rubuta a zaure wai tunda na manyanta na yi laushi, yanzu ana iya yi min tambaya a fita ba rauni. Mutum bakwai suka goyi bayansa. Na tuna saƙon nan. Ke kika turo min hotonsa a lokacin, na yi dariya har na nuna wa Malam. Ban tambayi kaina ba ko ke kin yi dariya.

Ban iya ba da haƙuri ba, kin sani, Inna ma ta sani. Ga shi dai ina gwadawa. Ki rubuto, ko zagi ne.

Yayarki

9 ga Mayu

Yaya,

Wa alaikumus salam. Lafiya nake. Na nemi takalmin. Ina tambayar ƙafar Malam, ko da an hana ni.

Wasiƙunki biyu rana ɗaya suka iso, a akwatin ƙasan bene. Ban duba kwanan wata ba, na fara buɗe ta biyun. Na yi kuka a matakala har maƙwabciyata ta fito min da ruwa a kofi. Sannan na share ido na buɗe ɗayar ina murmushi. Da a jere na karanta su, wataƙila da na amsa tuntuni.

Hannu biyu na sa, gaskiya ne. Ina kallon mijinki a gado bakinsa a karkace, ke kwana huɗu ba ki runtsa ba, kina miƙo min abu. Ko wuƙa ce hannu biyu zan sa. Wata uku kawai kika ce zan riƙe.

Abin da ba za ki gani a tarihin ba shi ne koyon muryarki. Da farko idan zan amsa wa mutum, sai in rubuta yadda nake so, sannan in koma in cire "don Allah" da "na gode", in ƙara gatse ɗaya don kar a gane. Daga baya na gaji na bar su. Shi ne laushin da kika yi. Matsalar da ma'aikaciyar asibitin nan ta yi godiya a kai, sati biyar na yi ina fama da ita. Sai da na samo irin firintar a wajen 'yan gwangwan, na ɗauko ta a ka har hawa na huɗu. Tana nan ƙarƙashin gadona. Na amsa wa matar "ba komai", na sa sunanki.

Ban janye don in ba ki kunya ba. Na janye ne don ke Yayata ce, kuma na san abin da sunan nan yake a wurinki, musamman shekarun da ba ki da komai sai wankin zanin gado. Na yanke shawara zan fara daga farko, gyara ɗaya bayan ɗaya, da sunana. Idan aka sake yi min tambayar, a lokacin na ga yadda zan yi. Filas ɗinki zan ba Kawu ya taho miki da shi.

Abu ɗaya nake roƙo, kuma ki karanta layin nan sau biyu. Kar ki yi komai. Kar ki rubuta komai a zaure. Na san ki idan kunya ta kama ki, sai kin yi abin da duniya za ta ji.

Autarku

11 ga Mayu

Auta,

Sallama. Wata ɗaya da kwana tara ba amsa. Na fahimta, ban kuma ga laifinki ba. Muna lafiya, Malam ya taka har bakin titi jiya ya dawo yana zagin masu babur.

Shirunki na karanta, na ce Auta ta gama magana, saura ni. Yau da safe kafin a buɗe laburare na rubuta wa zaure. Kafin takardar nan ta iso kin riga kin gani, amma ina so ki same shi da rubutun hannuna:

"Shekara uku da suka wuce na ba da aron makullina da kalmar sirrina. Duk abin da aka ɗora da sa hannuna tun lokacin, sau arba'in da ɗaya, ba ni na yi ba, ban kuma duba ba. Ƙanwata ce ta yi, wadda ta janye nemanta a watan Maris don ta rufa min asiri. Duk godiyar da kuka yi min tata ce. Na soke makullin da kaina. Ƙunshina tara marayu ne daga yau. Wasiƙar da na rubuta a kan Mai Agogo ku bar ta a darasi, ku liƙa wannan a ƙarƙashinta."

Sau shida na rubuta shi. Na farko shafi biyu ne, da ciwon Malam a ciki, da barandar asibiti. Na cire, don na tuna Mai Agogo ma ya ce matarsa ce ba lafiya, ni kuma na amsa masa cewa rumbu ba ɗakin jinya ba ne.

Ashe soke makulli minti ɗaya ne. Na'ura ta tambaye ni ko na tabbata, na ce e. Ta tambayi dalili ta jero min huɗu in zaɓa, babu girman kai a ciki. Sannan na tashi na buɗe ƙofa, ɗalibai suka shigo, na yi ta buga hatimi.

Amsoshi sun fara zuwa. Guda ɗaya na buɗe, ta Mai Agogo. Ashe duk shekarun nan yana karanta zaure. Na ɗauka ramawa zai yi, har na gyara zama. Layi ɗaya ya rubuta: "Allah ya ba mara lafiyar gidanki sauƙi." Auta, ban ce kowa ba shi da lafiya ba. Sani kawai ya yi. Gara ya zage ni.

Yanzu hanya a buɗe take. Ki koma wurin Tsohon Direba, aikinki na shekara uku yana nan da sunanki.

Yayarki

28 ga Mayu

Yaya,

Lafiya nake, idan wannan ma lafiya ce.

A wurin aiki na gani, da safar roba a hannuna, jinin mutum goma sha biyu yana jira. Wayata ta yi ta kuka a aljihu har shugabar sashe ta ce in fita in kashe ta. Wasiƙata kuwa tana can cikin buhun gidan waya, tana roƙon ki kar ki yi abin da kin riga kin yi.

Hanya a buɗe take? Ga abin da kwamiti ya yanke, tunda ba kya buɗe saƙo. Wanda ya ba da makulli da wanda ya karɓa laifinsu ɗaya, kuma daga wasiƙarki ta darasi suka ciro jimlar. Ba zan sake nema ba sai bayan shekara biyu. Aikin nan arba'in da ɗaya an ware shi gefe, mutum uku za su bi shi layi-layi, kamar kayan da aka kama a hannun ɓarawo. An tambaye ni a gaban kowa ko akwai wani makullin da na taɓa riƙewa. Yanzu duk wanda ya nemi sunana, abin da zai fara gani ke nan.

Ke kuma ana ta yaba miki. Wai jarumta. Har sun liƙa saƙon naki a darasi, yadda kika ba da umarni. Ko tuba za ki yi, sai naki ya fi na kowa kyau.

Kin ba ni makulli ba ki tambaye ni ba. Kin bar min shi shekara uku ba ki tambaye ni ba. Yanzu kin tona mu mu biyu, nan ma ba ki tambaye ni ba. Asirin nan rabinsa nawa ne, Yaya. Da kin ce kin ba "wani" kin tsaya nan, da yau ina da fuskar shiga zaure.

Kar ki rubuto da wuri.

Auta

20 ga Agusta

Auta,

Assalamu alaikum. Na yi biyayya, fiye da wata biyu ban ɗauki biro ba. Inna ta ce ta gan ki a waya kin rame. Malam ya daina riƙe sanda a cikin gida, yanzu da ita yake nuna wa yara abin da ba su share ba.

Duk abin da kika faɗa haka yake. Na nemi inda zan yi gardama, kin san ni, ban samu ba. Na rubuta wa kwamiti ina roƙon a rage miki shekarun, shafi uku, mai kyau kuwa. Ban aika ba. Tana cikin aljihun tebur sai abin da kika ce.

Ina karanta zaure, ba na magana. Na ga masu binciken sun gama, ba su sami komai ba. Na ga marayuna shida sun sami masu ɗauka, biyu za a cire su daga rumbu don ba mai so. Ɗaya daga cikin biyun shi ne na farko da na fara ƙunshewa. Na firintoci kuma na ga ke kika ɗauka, Tsohon Direba yana dubawa yana sa miki hannu tunda ba ki da makulli. Talatar makon jiya aikinki na farko ya shiga rumbu. Ga sunanki a ƙasan bayanin canji, cikakke, har da sunan Baba. Na kira Malam ya zo da ƙafarsa ya gani, ya ce rubutun ya yi masa ƙanƙanta.

Ga abin da ya sa na rubuto. Na sauke ƙunshin na karanta, ba don neman laifi ba, hali ne. Akwai kuskure. Ƙarami ne, ba zai taɓa kowa ba sai masu firinta iri ɗaya, amma yana nan. Kwana tara ina riƙe da shi kamar garwashi a baki.

Kina so in faɗa miki, ko in yi shiru? Wanda kika zaɓa shi zan yi.

Yayarki

6 ga Satumba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake. Ban rame ba, Inna ce ke ganin kowa a rame. Ki gaida Malam da sandarsa.

Wasiƙar kwamiti ki bar ta inda take. Shekara biyun nawa ne, zan cinye abina.

Kuskuren kuma kar ki aiko min da shi a ambulan. Ki shigar da rahoto a shafin ƙunshin kamar kowa: irin firintar, abin da kika yi, abin da kika zata, abin da ya faru. Ban da gatse. Akwai rahoto goma sha ɗaya a gabanki, zan zo kan naki idan layi ya zo.

Autarku